Ma'anar SVR12 a takardar gwajin ciwon hanta nau'in C

Ɗan'uwa, ka ce ka gama shan magani, likita ya rubuta SVR12, amma Anti-HCV bai ɓace ba. Kwantar da hankalinka. Anti-HCV shaida ce kawai cewa cutar ta taɓa shiga jikinka, kuma yakan zauna a jini ko an warke. Gwajin HCV RNA shi ke neman ƙwayar cutar kanta. In ba a same ta ba mako 12 bayan kammala magani, shi ne SVR12, wato ka warke. Magungunan DAA, wato masu yaƙar ƙwayar cutar kai tsaye, irin su sofosbuvir da daclatasvir, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Sai dai ana iya sake kamuwa, don haka ka riƙa zuwa wurin wanzami da askarka.