Wane masauki ya dace da shafin intanet na ƙaramin coci?

Tambaya: Ni ne sakataren cocinmu, kuma ba mu da yawa. Dattawa sun amince mu buɗe shafin intanet don sanar da lokutan sujada, da ɗora wa'azin Lahadi da hotunan taruka. Na leƙa kamfanonin da ke ba da masaukin shafi, sai kaina ya ɗaure. Farashi ya sha bamban, wasu har suna tallar wai sararin ajiyarsu babu iyaka. Ƙarfinmu kaɗan ne, kuma ba mu da ƙwararre sai wani matashi da ya ɗan iya kwamfuta. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Shafi irin wanda ka kwatanta ba ya cin wani abin a zo a gani. Lokutan sujada, taswirar inda cocin yake, tarihin ikkilisiya, sanarwar mako da 'yan hotuna, ko an tara su duka da wuya su cika gigabait 1. Tsari mafi arha na kowane kamfani mai mutunci zai ɗauke ku. Abubuwan da suka fi kashe shafukan ƙananan coci guda biyu ne: kuɗin sabuntawa da ba a yi lissafinsa ba, da rashin sanin wanda ke riƙe da makullin shafin.

Da farko ka sani abu biyu za ku biya wa kuɗi. Akwai sunan shafi, wato adireshin da mutane za su rubuta su iso gare ku, wanda ake sabunta rajistarsa shekara-shekara. Akwai kuma masauki, wato wuri a kan wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, inda rubutunku da hotunanku za su zauna. Masauki kuna iya sauya shi duk ranar da kuka ga dama, suna kuwa shi ne abin da za ku buga a takardar sanarwa da allon ƙofar coci, don haka shi ya fi bukatar tsaro. Sunan da ya ƙare da .org ya wadatar, kuma yawanci ya fi .church sauƙin kuɗi.

A nan ne nake so ka tsaya sosai. Kada a yi rajistar sunan da imel ɗin matashin nan, ko na fasto, ko naka. Ku buɗe imel na coci, ma'aji da sakatare su san kalmar sirrinsa, a rubuta ta a ajiye inda ake ajiye takardun coci. Dalili kuwa, duk saƙon tunatarwa cewa rajista ta kusa ƙarewa can zai tafi. Matasa sukan tafi karatu, fastoci akan canza musu wurin aiki, katin bankin da aka yi biya da shi yakan daina aiki. Idan sunan ya ƙare ba a sabunta ba, kamfani yakan ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, daga nan a shiga wani wa'adi na kwana 30 da ba a dawo da shi sai da tara mai tsada, bayan haka a sake shi kasuwa kowa ya iya saya. Akwai masu farautar irin waɗannan sunaye, kuma ba abin mamaki ba ne tsohon adireshin coci ya koma yana tallar caca. Ni na fi son a sayi sunan a kamfani ɗaya, masauki a wani, don ko an saɓa da masu masauki sunan yana hannunku.

Game da masaukin kansa, na haɗaka shi ne naku. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: kwamfuta ɗaya, shafuka ɗaruruwa, mai gida ne ke gyaran duk abin da ya lalace. Za a nuna maka wani tsari mai suna VPS a ce ya fi ƙarfi. Gaskiya ne, amma a mafi arhansa ku ne za ku riƙa sabunta manhajar kwamfutar da toshe ɓarakar tsaro da kanku, kuma ba ku da mai yin wannan. Ku wuce shi.

Sai batun farashi. Adadin da ake rubutawa da manyan haruffa a shafin talla na sabon shiga ne, kuma sau da yawa sai ka biya shekara uku a dunƙule kafin ka same shi. Can ƙasa da ƙananan haruffa za ka ga kuɗin sabuntawa, wanda yakan ninka na farko sau biyu ko uku, wani lokaci har fiye. Kafin ka kai maganar gaban dattawa, lissafa musu abin da za a kashe a shekara biyar, shi ne zai nuna wane kamfani ne mai arha da gaske. Idan ka isa shafin biya kuma, ka duba da kyau. Za ka tarar an riga an yi wa wasu akwatuna alama: ƙarin tsaro, kayan tallata shafi, wani abu na jawo masu ziyara. Cire alamar daga dukkansu, ka ga yadda jimlar za ta sauko. "Suna kyauta" ma na shekarar farko ne kawai.

Maganar "babu iyaka" kuwa, karanta sharuɗɗan amfani za ka ga iyakar. Galibi suna ƙayyade yawan fayiloli, suna kuma hana a mayar da masaukin rumbun ajiyar bidiyo da sauti. Wannan ya shafi wa'azinku kai tsaye. Sauti na awa ɗaya, idan aka matse shi a matakin da ya ishi muryar mutum, kilobit 64 a daƙiƙa, yakan kai megabait 29. Lahadi 52 sun ba ka kusan gigabait 1.5 a shekara, abin da za a iya jurewa na ɗan lokaci. Bidiyon awa ɗaya mai kyan gani kuwa shi kaɗai yana iya haura gigabait 1. Ku ɗora bidiyo a YouTube, sannan ku saka shi ya bayyana a cikin shafinku. Mai ziyara zai kalla ba tare da ya fita ba, nauyin kuma ba a kanku yake ba. Hotuna ma a rage musu girma kafin a ɗora. Hoton waya yakan kai megabait 4 ko 5, alhali kilobait 300 ya isa allo, kuma shafin zai fi saurin buɗewa ga mai raunin sabis.

Abu biyu ne ba zan yarda a ce sai an ƙara musu kuɗi ba. Na ɗaya takardar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tana ba da ita kyauta tun 2015, kuma kamfani nagari yana sabunta ta da kansa. Ba a zama babu ita, don tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ke nuna wa mai ziyara cewa shafin da ba shi da ita ba amintacce ba ne. Na biyu kwafin ajiya, wato kwafin shafin da za a maido da shi idan ya lalace. Tambaye su sau nawa suke ɗauka, kwana nawa suke riƙewa, kuma ko maido da shi kyauta ne. Duk da haka ku riƙa sauke naku kwafin duk wata ku ajiye a wani wuri dabam. Alƙawarin da suke yi cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, kada ya ɗauke maka hankali. Ma'anarsa yana iya ɗaukewa na kusan awa 9 a shekara, kuma kusan kowa haka yake rubutawa.

Saura tambayar da ta fi ta kamfani nauyi: wa zai riƙa taɓa shafin, kuma sau nawa? Idan sanarwa za ta riƙa canzawa kowane mako kuma mutum biyu ko uku ne za su riƙa rubutu, WordPress, wato wani tsarin gina shafi da sarrafa shi, a kan masaukin haɗaka ya dace. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi aka gina su, don haka ba za ku rasa mai taimako ba. Sai dai yana son kulawa. Yawancin kutsen da ake yi masa ta ƙananan manhajojin da ake ƙara masa ne aka bar su ba sabuntawa, saboda haka ku taƙaita su, ku kunna sabuntawa ta kai tsaye. Idan kuwa shafuka biyar ne da ba sa canzawa sai jefi-jefi, ba lallai ne ku biya kuɗin masauki ba sam. Google Sites, tsarin gina shafi na Google, kyauta ne, ana iya haɗa shi da sunan da kuka saya, kuma duk wanda ya iya rubuta takarda a kwamfuta zai iya gyara shi. GitHub Pages da Cloudflare Pages su ma kyauta ne kuma suna da sauri, amma sai wanda ya ɗan san harkar gina shafi, kuma ranar da matashin ya tafi kuna iya tsayawa cak.

Da ni ne a kujerarka, da na fara da Google Sites da YouTube, kuɗin suna kaɗai zai fita daga asusun coci. Idan bayan shekara kun ga ya yi muku kaɗan, sai ku koma WordPress da sunanku a hannu. Idan kuma kuna so a riƙa ba da baiko ta shafin, kada bayanan katin kowa su bi ta hannunku, ku sa mahaɗi zuwa kamfanin biyan kuɗi da aka sani yana aiki a ƙasarku.

In kun zaɓi masaukin biya, kafin ka ba da ko sisi aika wa sashen taimakonsu tambaya a ranar Asabar da dare, ka ga yaushe za su amsa, kuma ko amsar ta mutum ce da ya karanta abin da ka rubuta. Tambaye su ko suna yi wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ragi, don wasu suna yi amma ba sa tallatawa. Ka biya shekara ɗaya tak a karon farko, ka kuma tabbatar a rubuce kwana nawa kake da su na neman a maido maka da kuɗinka idan aikin bai gamsar ba.