Ku Tambayi Anti: Me ya sa haɗin nono da abarba yake komawa ɗaci?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan nono da kayan marmari suka zo, ina ganin zafin nan da ake yi a Accra ne ya sa kowa ya jawo bilenda, to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Salam Anti ina gaisuwa. Ni uwargida ce a Nima, watan jiya maigida ya sawo min bilenda shi ne na ce bari in dinga haɗa ma yara sumuti da nono tunda burkina, wato haɗin gero da nono, ta fara gundurarsu. Na sa nono da abarba da ayaba da ɗan suga, lokacin da na ɗanɗana daɗi ba a magana, sai na juye a gora na sa a firij don su sha in sun dawo makaranta, wallahi da aka buɗe da la'asar ɗaci kamar an jiƙa maɗaci a ciki, autana ma tofarwa ya yi. Sau biyu kenan. Dan Allah mai nonon ce ke cutata ko ko bilendar ce?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kar ki ɗau alhakin mai nono, bilendarki ma lafiyarta ƙalau, abarbar ce. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake ce ma buromelin, aikinsa shi ne ya dinga yayyanka furotin, shi ya sa in kin ci abarba da yawa kike jin harshenki na raɗaɗi kamar an kankare shi. Gwanda ma tana da irin nata, ai kin san yadda iyayenmu ke nannaɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi, to abu ɗaya ne. Da kin markaɗa su da nono sai sinadarin ya hau furotin ɗin madarar yana datsa shi guntu-guntu, guntayen nan su ne masu ɗacin. Ba nan take yake gamawa ba, a hankali yake yi, shi ya sa da safe kika ji daɗi da la'asar kuma abin ya juya. Firij rage masa sauri kawai yake, ba ya tsayar da shi.

To mafita, in dai abarba ko gwanda za ki sa, ki haɗa a sha a take, kar a ajiye. In kuma dole sai an ajiye ma yara, ki yanka abarbar ki ɗora a wuta da ɗan ruwa kaɗan ta tafaso kamar minti 5, ki bar ta ta huce sosai sannan ki markaɗa, zafi yana kashe ƙarfin sinadarin. Ta gwangwani ma ba ta kawo wannan matsalar don an riga an dafa ta, sai dai yawanci cikin ruwan suga take, kuma ni gaskiya ban ga dalilin da za ki bar farar abarbar nan mai zaƙi da ake kawowa daga wajen Ekumfi ki koma ma gwangwani ba.

Abin da ni nake yi ma 'yan makaranta shi ne mangwaro da ayaba, su ba ruwansu da ɗaci. Kindirmo mai sanyi kofi 2, ayaba 2 wadda ta nuna har ɓawon ya fara ɗige-ɗige, mangwaro babba guda 1 irin marar zare da ake kawowa daga Somanya da Dodowa, sai dabino 4 da kika cire ƙwallon kika jiƙa a ruwan ɗumi, in kin sa dabino ba kya buƙatar suga ko kaɗan. Ki fara zuba nonon a ƙasa kafin 'ya'yan itacen don wuƙar bilendar ta samu abin juyawa, mutane da yawa nan suke ƙona injinsu, a cusa ayaba da ƙanƙara a ƙasa a danna a yi ta jin ƙara. Ki ɗan barbaɗa garin citta da kanumfari kamar yadda ake yi ma fura, kai in kina da curin fura ma ki gutsura rabi ki jefa, wannan yaro in ya sha shi sai magariba zai nemi abinci. Ayabar kuma in kin ɓare ta kin yanka kin sa a firiza tun dare, ita za ta ba ki sanyi da kauri ba sai kin sa ƙanƙara ta tsinka miki haɗin ba.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Daga Aboabo nake a Kumasi, iyalina na da ciki wata 5 kuma ba abin da take so kamar nono da ayaba. A wurin masu tallar nono nake sayowa. Wani abokina ya ce min akwai haɗari, ni kuma na ce ai nonon da ya yi tsami ba ƙwayar cutar da za ta rayu a ciki. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam Allah ya sauke ta lafiya, amma abokinka ya fi ka gaskiya kuma ina roƙonka ka ɗau maganar da muhimmanci. Tsami yana rage wasu ƙwayoyin cuta, ba ya kashe su duka. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu, da burusela mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da wata ƙwaya listeriya wadda ita ce ta fi tsorata ni a kan mai ciki, don tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma ko a cikin firij tana ci gaba da hayayyafa. Ba wai ina ɓata sana'ar matan Fulani ba ne, da yawansu suna tafasa madara kafin su kwantar da ita, musamman in kindirmo za su yi, ka tambayi wadda kake saye a wurinta kai tsaye, ba abin kunya ba ne. In zuciyarka ba ta kwanta ba ku yi naku a gida, ba wuya.

Ku samu madara lita 1, ta shanu ko ta gari da aka dama da ruwa mai tsafta, a ɗora a wuta ana juyawa har ta fara kumfa a gefen tukunya tana shirin tasowa, masu ma'aunin zafi za su ga wajen digiri 85. A sauke a bar ta ta huce zuwa kamar digiri 43, wato in an wanke hannu an tsoma ɗan yatsa za a iya ƙirga goma ba a ji ƙuna ba. Nan ne wurin da ake kuskure, in ta yi zafi da yawa ta kashe irin, wato yogot ɗin da za a zuba, in ta huce da yawa ta ƙi kamawa. Sai a zuba cokali 2 na yogot na kanti wanda ba suga ba kala, a juya, a rufe a sa a kula ko a nannaɗe da tawul, kar a taɓa kar a leƙa har awa 6 zuwa 8. In ya kama a sa a firij. A ɗebi cokali 2 a ajiye gefe, shi ne irin na gaba. Yogot ɗin leda mai ƙanƙara da masu keke ke yawo da shi na sha ne, kar a yi iri da shi. Ayabar da mangwaron ma a wanke su kafin a ɓare.

Tambaya: Anti ina Madina Zango, ina so in fara sayar da sumuti na nono a gora lokacin azumi. Na gwada da kankana sai ya rabu biyu, ruwa a ƙasa kauri a sama, ga kuma dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Ya zan yi?

Amsa: 'Yata Allah ya sa albarka a neman. Kankana sama da kashi 90 cikin 100 ɗinta ruwa ne, dole ta rabu, ba lalacewa ya yi ba amma mai saye in ya gani zai ce ya lalace. Ki bar kankana a sha ta ita kaɗai, ki riƙe mangwaro da ayaba da dabino, in kina son kauri mai santsi ki ƙara rabin paya, wato fiya (avocado). Maganar wuta ita ce babba. Abin da aka yi da madara yana son sanyin da bai wuce digiri 5 ba, in ya zauna a waje awa 2 ya fara shiga haɗari, a zafinmu na nan ma awa 1 ne. Ki haɗa bayan la'asar, daidai abin da za ki iya sayarwa kafin isha, ki jera gorunan a kula da ƙanƙara, wanda ya kwana ba sanyi ki zubar ko da ya yi miki ciwo, mai azumi cikinsa wayam yake shan abin nan. Gorar da ta kumbura ko ta yi huci in an buɗe ita ma ta tafi. In kasuwa ta buɗe har kina son ki manna suna ki kai shaguna, ki fara zuwa ofishin FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, ki yi rajista tukun.

Tambaya: Ni in na sha madara cikina kumburi yake da ƙugi, zan iya shan wannan? Ɗalibi daga Sabon Zango.

Amsa: Ɗana gwada rabin kofi ka gani. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono suna cinye wani ɓangare na sugan madara, shi ya sa da yawa masu irin cikinka nono bai damunsu. Amma in ƙaiƙayi kake yi ko kumburin leɓe ko numfashi na sarƙewa, wannan daban ne, kar ka sha, ka ga likita.

Tambaya: Hajiya mamana na da ciwon suga, ɗiyata kuma wata 8, in na sa zuma maimakon suga su duka za su iya sha? Daga Mamobi.

Amsa: A'a ƙanwata, zuma ba ta dace da ko ɗayansu ba. Jariri ba a ba shi zuma sai ya cika shekara 1 saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukun, ki ba ta cokali biyu uku na kindirmon da aka dafa madararsa da ayaba da kika murƙushe, a matsayin ɗan abinci, nonon uwa kuma ya ci gaba. Mama kuwa zuma da dabino duk suga ne a jikinta, haka mangwaro da ayaba in sun yi yawa. Ki yi mata da kindirmo da paya da rabin ayaba ƙarama, kofi ƙarami, ta sha tare da abinci, in tana da na'urar gwaji ta auna bayan awa 2 ta nuna ma likitanta abin da ya fito.