Amsa ga ɗan'uwanmu na Alkaleri kan eriya mai ƙafa huɗu

Wa alaikumus salam Malam. Da na karanta cewa ka haɗa eriya mai ƙafa huɗu, wato sanda ɗaya a tsaye a tsakiya da ƙafafu huɗu a gindinta, ka ɗaga sama, amma Globe FM har yanzu da shuuu take zuwa maka, wallahi sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Mu a Dass ga duwatsu sun kewaye mu, mun sha wannan wahalar.

Kafin komai, ɗauko tef ka auna sandar tsakiya. Ka raba 7100 da lambar tashar, abin da ya fito shi ne tsawonta a santimita. Globe tana kan 98.5, ka ga santimita 72 ke nan. Mutanenmu suna ɗaukan in an ƙara tsawo za a ƙara ƙarfi, ba haka ba ne ko kusa. Ƙafafun ma tsawonsu ke nan.

Ni dai mutum ne ya cuce ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, idonsa ya yi rauni a ƙarshen rayuwarsa, rediyon nan ita ce abokiyar hirarsa. Ana saura kwana kaɗan azumi na shiga Bauchi wurin wani mai gyara, na faɗa masa don tsoho nake so, ya samu ya ji tafsiri. Ya dube ni ido cikin ido ya rantse wayar da ya ba ni jan ƙarfe ce zalla, ya haɗa ni da wata busta, na'urar ƙara ƙarfin sigina, ya karɓe kuɗin da na ware na cefane. Busta ba abin da ta ƙara sai ƙara. Ruwan farko da aka yi, komai ya ɗauke. Na hau na sauko da ita, na feɗe wayar, sai ga ragar ciki 'yan silla ne ba su fi a ƙirga ba, duk sun yi fari sun rududduge, ruwa na ɗiga a tafin hannuna. Da la'asar Baba ya kara rediyo a kunne yana murɗawa a hankali, ya ce, "Bar shi haka, ka yi ƙoƙari." Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Na koma wurin mutumin, ko ɗago kai bai yi ba, wai ni ne ban iya haɗawa ba. A gaban yaransa fa! Na bar shi da Allah.

Saboda haka duba wayarka. Ta dish mai kyau, RG-6, ta wadatar. Kada wani ya tsorata ka da zancen om 75 da om 50, wato ma'aunin da ake bambanta irin waɗannan wayoyin da shi, saurare kawai kake yi. Tsakiyarta ta tafi sandar tsaye, ragar ta tafi ƙafafu, kuma ko silli ɗaya ya taɓa tsakiya aiki ya lalace. Ragar alminiyam ba ta kama dalma, da ƙusa mai noti za ka matse ta. Ka naɗe mahaɗar da salatif sosai, ka sa bakin wayar ya kalli ƙasa.

Ka lanƙwaso ƙafafun ƙasa kamar digiri 45, kada ka bar su a shimfiɗe.

Sai tsayi. FM kusan a miƙe take tafiya, tudu yana tare ta. Tawa sai da na ɗaure ta a bututun roba kan gora ta wuce kwanon ɗaki sosai, sannan murya ta fito tas. Don Allah ka nisanci wayar wuta, ka auna da ido: in gorar ta faɗi, za ta kai ta? Da ka ga hadari ya haɗo, cire wayar daga rediyo ka fitar da ita waje. Rediyo ana sake saye, rai kuwa ba a sayen sa.

Af, ka gwada kashe ƙwan LED da cajar waya da inbata ka ji ko shuuu ɗin zai ragu. A gidana caja ɗaya ce take hana mu sakat. In kuma gajeren zango kake nema don BBC, wannan eriyar ba tata ba ce, doguwar waya za ka ja zuwa bishiya.

Turo mana hoton mahaɗar daga kusa, da inda ka maƙala wayar a jikin rediyon, in duba maka yau da dare in sha Allah.