Ku Tambaya Mu Amsa: Saiti da Bugun Bango a Teburin Sinuka

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan saiti suka zo, don haka muka haɗa su wuri guda. Teburin da muke magana a kai shi ne wanda aka saba gani a rumfuna da gidajen kallo na Gombe, mai rami shida da ƙwallo 15 da fara guda, wanda kowa ke ce wa sinuka ko da yake asalin sinuka teburinsa ya fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Tambaya, daga wani matashi a Pantami: Assalamu alaikum. Idan ƙwallo tana miƙe da rami ba na kuskure. Amma da ta ɗan karkace, sai in duba wurin da ya kamata fara ta taɓa, in saita sandata daidai wurin, in buga, ta je ta daki gefen rami. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsalar tana cikin maganar da ka faɗa, ɗan'uwa: ka saita sanda daidai wurin taɓawa. Sanda tana tura tsakiyar fara ne, alhali idan bugu ya karkace, gefen fara ne ke taɓa ƙwallo. A ce ƙwallon tana buƙatar ta kauce da digiri 30 kafin ta shiga. Idan ka miƙa tsakiyar fara zuwa wurin taɓawar, karkatar da za ka samu ba za ta wuce digiri 14 da rabi ba. Rabin abin da kake nema ke nan, shi ya sa kullum bugunka ke yin kauri, wato fara tana rufe ƙwallon fiye da yadda ya kamata.

Maganinsa shi ne abin da ake kira ƙwallon fatalwa. Ka tsaya bayan ƙwallon da za ka jefa, ka ja layi da ido daga tsakiyar rami ya ratsa tsakiyarta ya fito ta baya. A kan wannan layi ka ƙaddara akwai wata ƙwallo manne da ita. Tsakiyar wannan ta ƙaddarawa ita ce wurin saiti. A ƙwallayen Amurka masu faɗin milimita 57, tazarar tsakiya zuwa tsakiya milimita 57 ce cif. Idan naku irin na Ingila ne, wato masu launi milimita 50.8, fara kuma ƙarama mai 47.6, tazarar ta koma kusan 49.

Kada ka tsaya a ƙaddarawa. Ɗauki ƙwallo ta gaske ka manna a wurin, ka koma bayan fara ka sunkuya kamar za ka buga, ka kalli yadda ta rufe ɗayar. A sa wani ya ɗauke ta, sannan ka buga. Ka ɗiga alli a inda fara da ƙwallon suke zaune domin ka maimaita bugu iri ɗaya sau goma, kana ƙirga ta wane gefe kake kuskure. Idan bakwai cikin goma gefe guda ne, saitinka ne ke buƙatar gyara. Idan sun warwatsu dama da hagu, laifin hannu ne, kuma babu lissafin da zai yi maka magani.

Akwai saura. Ko ka saita fatalwar daidai, gogayyar da ke tsakanin ƙwallayen biyu tana ɗan jan ƙwallon zuwa inda fara ta nufa. Wannan ja ya fi tsanani idan bugun sanyi ne, karkatar ta kai wajen digiri 30 ko fiye, fara kuma ta iso tana zamewa ba ta birgima. A mafi muni yakan kai inci ɗaya a kowace ƙafa ta tafiya, kusan santimita 8 a mita guda. Ramin kusurwa na teburin gasa faɗinsa kusan ƙwallo biyu ne, wato rangwamen da kake da shi bai wuce santimita 3 a kowane gefe ba. Ka ga ke nan daga nesa ja kaɗai ya isa ya hana ta shiga. Sai ka ɗan rage kaurin bugun, ko ka ƙara ƙarfi kaɗan. Ƙwallaye masu datti sun fi ja, kuma a lokacin hunturu da ƙura ke sauka dare da rana, goge su da tsumma mai ɗan danshi kafin a fara wasa ba ƙaramin taimako ba ne.

Tambaya, daga wata majalisa a Jekadafari: Gardama ta ƙi ƙarewa a wurinmu. Wani ya ce a raba ƙwallo kashi huɗu shi ne saiti. Wani ya kalli bidiyo a YouTube ya ce akwai tsarin tsakiya-zuwa-gefe da ba ya kuskure ko kaɗan. Babbanmu kuma ya ce duk shirme ne, ido da sabo ne kawai. A raba mana.

Amsa: Kowa cikin ukun ya riƙe wani abu na gaskiya, amma na biyun ya fi kowa wuce gona da iri.

Mu fara da rabon kashi, domin shi lissafinsa a fili yake. Idan ka sunkuya ka ga fara za ta rufe ƙwallon gaba ɗaya, miƙe za ta tafi. Idan za ta rufe kashi uku cikin huɗu, karkata digiri 14 da rabi. Idan rabi, wato tsakiyar fara na kallon bakin gefen ƙwallon, digiri 30. Idan kashi ɗaya cikin huɗu, kusan 49. Bugun rabi shi ya fi daraja a koya, saboda shi ne ke da abin kallo tabbatacce: gefen ƙwallo abu ne da ido ke gani, ba sai an ƙaddara ba. Ga kuma dabarar gane shi. Ka buɗe manuniya da ɗan yatsan tsakiya sosai, buɗin da ke tsakaninsu ga yawancin mutane ya kusa digiri 30. Idan karkatar da ke gabanka ta fi wannan buɗi, ka san bugun ya fi rabi siranta. A teburin da fara ta fi sauran ƙanƙanta, bugun rabi yana ba da kusan 31, bambancin da ba ya damuwa sai daga nesa.

Tsarin tsakiya-zuwa-gefe kuwa daga Amurka ya fito. Ana danganta shi da Hal Houle, sannan Stan Shuffett ya tsara shi ya yaɗa. A taƙaice, tun kana tsaye za ka haɗa layi biyu da ido: tsakiyar fara zuwa gefen ƙwallo, da gefen fara zuwa ɗaya daga wurare uku da aka ware a jikin ƙwallon. Sai ka sauko da sanda a ɗan gefen tsakiya, ka juyo da ita tsakiya, ka buga. Masu koyar da shi suna cewa wannan yana kai ƙwallo tsakiyar rami ba tare da mutum ya yi wani gyara da kansa ba. Masu suka, ciki har da David Alciatore, malamin injiniya da ya koyar a Jami'ar Jihar Colorado kuma ya daɗe yana gwada waɗannan abubuwa da kyamara, suna cewa tsayuwa ƴan kaɗan ba za su haifar da kowace karkata ba sai idan idon mai bugu yana cike gurbin.

Mu a nan muna tare da masu suka, kuma dalilin lissafi ne mai sauƙi. Ƙwallon da ke mita ɗaya da rabi daga rami, da rangwamen santimita 3, kuskuren da za ta ɗauka bai wuce digiri ɗaya da ɗan kai ba. Tsakanin digiri 15 da 30 kuwa akwai karkata iri-iri da tebur zai kawo maka: 19, 22, 26. Duk tsarin da ke da matakai huɗu ko biyar dole ya bar wa ido sauran aikin, ko mai shi ya sani ko bai sani ba. Wannan bai sa tsarin ya zama banza ba. Yana tilasta wa mutum ya yi saiti tun yana tsaye, ya sauko a kan layi, ya riƙa yin abu guda kowane bugu, kuma da yawa daga waɗanda wasansu ya gyaru da shi wannan natsuwar ce ta gyara su. Babbanku ma da ke cewa ido ne kawai, ku lura da shi: yana da wurin da yake tsayawa da abin da yake kallo kafin ya sunkuya, suna ne kawai bai sa masa ba.

Kafin ku ci gaba da musu, ku yi wannan gwaji. Ku ajiye ƙwallo mai zane a tsakiyar faɗin tebur, zanen a tsaye, kowa ya buga ta miƙe zuwa bangon can ƙarshe, ya bar sandarsa a inda ta tsaya. Idan ta dawo ta taɓa kan sanda, zanen bai yi rawa ba, hannu ya miƙe. Wanda ya kasa yin uku cikin biyar, ba tsarin saiti ba ne damuwarsa tukuna.

Tambaya, daga wani mai tebur a Kumo: Ranka ya daɗe, an ce mana bugun bango kamar madubi yake, yadda ta shiga haka za ta fita. To me ya sa wani lokaci ta faɗa, wani lokaci ta tsaya kafin rami, alhali wuri guda nake saitawa?

Amsa: Alhaji, madubin mafari ne kawai. Bari mu fara da shi, sannan mu zo kan abin da ke ɓata shi.

Ɗigon da ke jikin katakon tebur sun raba tsawo gida takwas, faɗi gida huɗu. A ce kana son ƙwallo ta daki dogon bangon can ta dawo ramin tsakiya na gefenka. Ƙirga ɗigo daga ramukan tsakiya. Layin da ya tashi daga ɗigo na 2 a gefenka zuwa ɗigo na 1 a can, hanya ce ta rami. Haka daga na 4, wato ramin kusurwa, zuwa na 2. Biyu a nan, ɗaya a can. Duk ƙwallon da ke kan irin wannan layi, a kansa za ka tura ta. Idan ta faɗo tsakanin layi biyu, ka riƙe sanda a samanta kana juyawa har sai lambar gefenka ta ninka ta can. Misali mai sauƙin tunawa: ƙwallon da ke tsakiyar faɗin tebur, ɗigo uku daga ramin tsakiya, ɗigo na 2 za ta nufa.

Ka saita zuwa ɗigon kansa da ke kan katako, ba bakin roba da ke gabansa ba, kuma da matsakaicin ƙarfi wanda ƙwallon za ta isa bango tana birgima.

Yanzu ga amsar tambayarka: ƙarfi. Ƙwallon da ta iso bango tana birgima, bayan ta dawo tana nan da sauran juyin da ke tura ta wajen bangon, sai hanyarta ta ɗan lanƙwasa ta buɗe, ta sauka gaba. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi ba ta samu lokacin fara birgima ba, tana zamewa ne, ga roba ta lotsa ta riƙe ta, sai ta fito a tsuke ta sauka kafin rami. Haka ma ƙwallon da ke dab da bango, taku ɗaya ko ƙasa da haka: ko a hankali ka buga ba ta da filin birgima, don haka tsukewa za ta yi. Wuri guda kake saitawa, amma hannunka ba ƙarfi guda yake bayarwa ba.

Shi ya sa ƙwararrun masu bugun bango sukan zaɓi ƙarfi ɗaya, mai ɗan nauyi, su san nawa yake tsukewa a teburinsu, su matsar da saiti kusa da ramin can da wannan gwargwado. Ka auna naka. Ajiye ƙwallo a kan layin 4 zuwa 2, fara a miƙe bayanta, ka buga biyar a sanyi, biyar matsakaici, biyar da ƙarfi, kana sa alamar alli a katako inda kowace ta sauka. Cikin minti goma za ka ga tarin alamomi uku daban.

Juyi ma yana shiga. Idan ka bugi fara a gefen dama, ƙwallon da ta daka tana karɓar ɗan juyin hagu, kamar haƙoran inji biyu da suka sarƙe, sai ta fito daga bango ta ɗan fi karkata hagu. Wanda bai riga ya mallaki ƙarfin hannunsa ba, ya bugi tsakiyar fara kawai, domin bugun gefe yana kuma kautar da fara kanta zuwa ɗaya gefen tun daga tashi.

Sannan tebur. Da damina, yadi mai danshi yana ƙara gogayya, bugun bango ya tsuke. Sabon yadi mai santsi yana buɗewa. Robar da ta sha zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano takan bushe ta mutu, kuma ba lallai duk bangon su mutu tare ba, don haka gwajin nan a yi shi a kowane dogon bango daban. Bakin roba ya kamata ya taɓa ƙwallo a wajen kashi 63 cikin 100 na tsayinta. Idan ya yi ƙasa, ƙwallo na tsalle. Idan ya yi sama, yana danne ta, ta dawo a mace.

Tambaya, daga Bajoga: Teburinmu kafinta ne ya yi shi, babu ɗigo ko ɗaya. Ya za mu yi?

Amsa: Ku sa da kanku. Ku auna tsawon filin wasa daga bakin roba zuwa bakin roba, ba daga katako ba, ku raba takwas. Idan tsawon inci 78 ne, kowane gida inci 9 da uku bisa huɗu ke nan, idan 88 ne, inci 11. Faɗi a raba huɗu, kuma ya kamata ya ba da tazara iri ɗaya. Idan bai bayar ba, teburin bai kai ninki biyu cif ba, amma ƙirgan biyu-da-ɗaya na dogayen bango yana nan daram tunda tazarar gefen nan da ta can ɗaya ce. Ku liƙa ɗan farin tef ko ku ɗiga fenti a kan katako, kusan santimita 9 daga bakin roba. Kafin nan ku ɗora ma'aunin magina a tsawo da faɗi, ku cusa kwali ko falle na katako a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa, domin a teburin da ya jirkice bugun sanyi yana bin gangare tun kafin ya kai bango.