Amsar Anti ungozoma a kan gwajin yurik asid da hawan jinin mai ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, yanzu na sauko daga aiki na tarar da saƙonni sun taru. Ƙanwata, na ga hoton takardar da kika turo. Kin ce cikinki na fari ne, sati 32, an gwada jininki yau a wurin awo an samu 150 bisa 95, gwajin yurik asid kuma ya nuna 6.8, ƙafafunki sun kumbura. Na kuma ga wasu sun ce ki bar cin nama, ki dinga shan zoɓo, wata ma ta rubuto sunan maganin da za ki saya a kyamis. Don Allah ƙanwata kar ki sayi komai. Ki saurare ni har ƙarshe.

Shi yurik asid datti ne da jiki ke samarwa kullum, ƙoda ce ke tace shi ta fitar da shi a fitsari. Kowa yana da shi. Idan mace ta samu ciki, ƙodarta tana ƙara aiki sosai, shi ya sa a watannin farko yake sauka, za ki ga wajen 3 ko ƙasa da 4. Can ƙarshen ciki ya fara hawa a hankali ya koma yadda yake da. To idan muka ga ya haura 6 tun ciki bai kai wata tara ba, ga kuma jini ya hau, hankalinmu ba ya zuwa kan naman da kika ci. Kan ƙoda yake zuwa, da kan mabiyiya. Akwai ciwon da ke farawa daga mabiyiya idan jini ba ya isa gare ta yadda ya kamata, sai jijiyoyin jinin uwa su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta rage tacewa, dattin ya taru. Shi ne ciwon da idan aka bar shi yake kai wa ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Fiye da shekara ɗari ke nan, tun 1917, likitoci suka lura yurik asid yana hawa a jinin mata masu wannan ciwon.

Amma kin ji, wannan lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Na ga mace da lamba sama ta haihu lafiya lau, na ga wadda lambarta ke daidai amma ta yi jijjiga. Mu abin da muke riƙewa shi ne awon jini: 140 bisa 90 ko fiye bayan sati 20, a gwada sau biyu da tazarar awa huɗu. Sannan fitsari, a tsoma 'yar takardar gwaji a cikinsa a ga ko akwai furotin. Sai gwajin ƙoda da hanta da ƙwayoyin da ke daskarar da jini, sai sikanin a duba girman yaro da ruwan da yake ciki. Ban ga sakamakon fitsari a takardarki ba, kuma shi na fi son gani.

Saboda haka maganin da ke sauke yurik asid, irin na masu ciwon gaɓoɓi, ba zai yi miki komai ba. Ko lambar ta sauka ciwon yana nan. Zoɓo kuma ba ya maye gurbin maganin asibiti. Kar ki taɓa maganin hawan jinin Mama ko na kowa a gida, akwai irin su lisinofril da ke lalata ƙodar jariri a ciki. Na masu ciki daban ne, metildofa, nifedifin, labetalol, likita ne zai zaɓa miki da yawan da za ki sha.

Gobe da sassafe ki koma asibiti, kar ki jira ranar awonki. Maigida ya raka ki, domin idan aka ce a kwantar da ke yana wurin, ba sai an tsaya neman izini a waya ba. Idan kuwa cikin daren nan kika ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ganinki ya dushe, ko kina ganin walƙiya-walƙiya, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannu sun kumbura har zobe ya matse, ko motsin yaro ya ragu, to ba maganar gobe, ku fita a lokacin. Haka idan akwai na'urar awon jini a gida kuka ga 160 bisa 110.

Wallahi abin da ya sa nake matsa miki, ba na manta wata yarinya da aka kawo mana ƙarfe biyun dare a adaidaita, ba ta fi shekara sha bakwai ba. Kwana uku tana kukan ciwon kai ana shafa mata man zafi a goshi. Da ta faɗi aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka cusa mata cokali a baki. Ta iso harshe duk a tattaune, zaninta yana warin turaren hayaƙi, kakarta riƙe da takalmanta tana salati. Muka yi mata allurar magniziyam salfet, aka sauke jinin, aka ciro yaron. Ita ta rayu, yaron bai zo da rai ba. 'Yan uwa, mai jijjiga ba a sa mata komai a baki. A kwantar da ita a gefen hagu, a nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya. Wannan allurar, babban binciken Magpie na 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, kuma ba ta da tsada.

Idan likita ya ce sai an haifar da ke kafin lokaci, kar dangi su tayar da hankali, fitar mabiyiya ita ce maganin ciwon. Bayan haihuwa ma a ci gaba da gwada jini har arba'in, don jijjiga tana zuwa wa mai jego, kuma a raba ki da kunun kanwa. Masu shirin wani cikin da suka taɓa yin wannan ciwon, ku fara awo da wuri, akwai ƙaramin asfirin da kalsiyam da ake ba irinku, asfirin ɗin daga sati 12 ake fara shi.

Ƙanwata, ki ce musu su yi miki gwajin fitsarin nan, ki turo min sakamakon ta lambata. Wayata tana kunne duk dare. Allah Ya raba lafiya.