Kafin ka ce ba a rubuta auren ba

Ka ce ka sa sunan ango da na amarya a FamilySearch da Ancestry, shafukan intanet na binciken asalin dangi, babu abin da ya fito, kana tambaya ko ka sanar da mai aikin, wato wanda ya ba ka binciken, cewa ba a rubuta auren kakanninsa ba. Kada ka gaya masa haka tukuna, ɗana. Fihirisa ka duba, wato jerin sunayen da aka kwafo daga rajista, ba ka kai ga rajistar kanta ba.

Fihirisa sau da yawa aikin hannun mutum ne. Wani ne ya zauna ya ƙura wa tsohon rubutun magatakarda ido, ya kwafe sunan yadda ya gani. In tawada ta koɗe, harafi ɗaya ya isa ya ɓatar da mutum. Shi ma magatakardan sau da yawa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Ga kuma kundaye birjik da aka ɗauki hotonsu amma ba a shigar da sunayen ciki ba. A 2021 FamilySearch ta kammala mayar da naɗin maikurofim (fim mai ɗauke da ƙananan hotunan takardu) miliyan 2.4 zuwa hotunan kwamfuta, kuma da yawa daga cikinsu sai ka buɗe shafi bayan shafi da kanka, akwatin bincike ba zai kawo maka su ba.

Saboda haka ka ajiye suna, ka fara da wuri. A ina aka ɗaura auren, wajen wace shekara, kuma wa ke da alhakin rubutawa a lokacin? A Ingila da Wales gwamnati ta fara rajistar aure ranar 1 ga Yuli, 1837. Sikotland ta fara a 1855, Faransa tun 1792. Kafin nan sai kundin coci, wanda a Ingila aka wajabta ajiye shi tun 1538. Amurka ba ta da rajistar aure ta ƙasa baki ɗaya, galibi gunduma ce ke ajiyewa, kuma iyakokin gundumomi sun sha canzawa. Garin da yake gunduma kaza a yau, mai yiwuwa a wata yake a shekarar auren, kuma takardar tana can inda aka rubuta ta. Ka fara neman garin amarya, don a nan aka fi ɗaurawa.

In aikin na Ingila ne, ka koyi FreeBMD sosai, shafin intanet ne na fihirisar haihuwa da aure da mutuwa, kuma kyauta ne. Ba zai ba ka ranar aure ba. Zai ba ka zangon wata uku na shekarar, da gundumar rajista, da lambar juzu'i, da lambar shafi. Kafin 1912 fihirisar ba ta nuna sunan abokin aure a gefen suna, sai ka danna lambar shafin ka ga duk mutanen da ke kansa, maza da mata a gauraye. A nan sababbin hannu suke kuskure, su ɗauki macen da sunanta ya yi musu daɗi su haɗa ta da angon. Ni ban yarda da wannan haɗi ba sai na duba ƙidayar jama'a ta gaba na ga wa ke zaune da wa. Da waɗancan bayanai na FreeBMD ake neman cikakkiyar takardar.

Ka nemi mace da sunan gidan ubanta. In bazawara ce, da sunan tsohon mijinta za ka same ta.

Ranar da hoton rajistar ya fito, ka karanta shi tun daga sama har ƙasa, don a nan amfanin wahalar yake. Takardar Ingila tana ba da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu, amma sunan uwa bai shiga ba sai a 2021. Ta Sikotland ta fi albarka, tana kawo iyaye mata har da sunansu na gida. Wurin shekaru, wani lokaci an rubuta cewa sun balaga kawai, ma'ana 21 ko fiye, kada ka ƙirƙiro shekarar haihuwa daga nan. Ka tsaya a kan shaidu. Ina ƙaunar wannan layi na ƙasa, domin sau da yawa ɗan'uwan amarya ne ko 'yar'uwar ango, kuma sunansu ne ke raba maka mutum biyu masu suna ɗaya a gari ɗaya. Ka duba ko sun sa hannu ko alama suka yi.

Sannan lasisin aure izini ne kawai. A takardun Amurka ka duba ɓangaren da mai ɗaura auren ya cike ya mayar wa ofis. In babu komai a wurin, kada ka rubuta cewa an ɗaura sai ka sami wata shaidar.

Yanzu ka koma wurin mai aikin ka tambaye shi inda aka haifi ɗan fari da shekarar. Ka ja baya shekara biyar daga nan, ka buɗe kundin wannan wuri a jerin kundayen FamilySearch, ka rubuta kowane kundi da ka duba da shekarun da ya ƙunsa. Ka kawo mini takardar mu duba tare.