Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: me ya kai likita ga ɓargo?

Tambaya: Likita, maigidana ya kusa mako shida yana zazzaɓi. An ba shi maganin maleriya sau uku, an yi masa allurar taifot, shiru. Yanzu an ce sai an ɗebi ɓargonsa an gwada, danginsa kuma sun ce hakan na gurgunta mutum. Mu yarda?
Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Batun gurgunta, ki kwantar da hankalinki. Daga ƙashin ƙugu ake ɗiba, ta baya, nesa da laka. Za a yi masa allurar kashe zafi a wurin, a zuƙo ruwan ɓargo, a yanko ɗan guntun ƙashi siriri. Da wuya aikin ya wuce minti 30. Zai ji zafi lokacin zuƙowar, wurin ya yi tsami kwana biyu.

Tun 1961 likitoci suka ware irin wannan ciwo: zafin jiki ya haura digiri 38.3, ya wuce mako uku, an bincika ba a gano dalili ba. A nan Zariya da yawa sai sun gama zagaya kemis da gwajin taifot na Widal, wanda ni ban cika yarda da shi ba, kafin su iso asibitin koyarwa da ke Shika.

Ɓargo shi ne masana'antar jini, kuma cututtuka na laɓewa a cikinsa. Tarin fuka kan bazu can ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Ƙwayar taifot ma an fi gano ta a gwajin ɓargo fiye da na jini, ko bayan an sha magani. Sai kuma kansar jini da ta kaluluwa, waɗanda zazzaɓi da zufar dare kan zama alamarsu ta farko.

Amma ba da gwajin ɓargo ake farawa ba. Ki tambayi likitansa: jininsa ya yi ƙasa? Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun ragu? Saifa ko kaluluwa ta kumbura? An yi hoton ƙirji da gwajin ƙanjamau? In akwai irin waɗannan alamu, ku yarda, domin a nan ne gwajin ya fi ba da amsa. Wani sakamakon kwana biyu ne, na guntun ƙashin ya kan kai mako ɗaya ko biyu, na tarin fuka kuwa har mako shida. In yana shan asfirin ko maganin tsinka jini, ku faɗa kafin ranar.